Talabijin da umarnin baki: amsoshi ga masu larurar gani da danginsu

Da gaske ana iya kunna talabijin ba a taɓa rimot ba?

Ana iyawa. Fire TV Cube na Amazon, ƙaramin akwatin da ake jonawa da talabijin, da ya fito a 2018, yana da makirfo a jikinsa, ka kira Alexa, manhajar Amazon mai jin umarnin baki, daga inda kake zaune ya amsa. Rimot ɗin Roku Voice Remote Pro ma yana sauraro ko yana ajiye a kan tebur. Amma na Apple TV sai ka danna maɓallin Siri, manhajar Apple mai jin umarnin baki, tukuna. A duba wannan kafin a saya.

Yana jin Hausa?

A'a. Alexa da Siri suna jin Turanci, Faransanci, Larabci da wasu harsuna, babu Hausa a ciki. Kada wannan ya karya maka gwiwa, umarnin da ake bukata kullum 'yan kalmomi ne da za ka koya a ɗaya daga cikin harsunan nan: kunna, kashe, ƙara sauti, tsaya, ci gaba.

In dai yana jin magana ai shi kenan, ko?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ɓata min rai. Jin umarni daban, karanta allo daban. Ka ce a nemo maka labarai, sai hotuna goma su jeru a allo shiru, makaho ya zaɓi wanne? Dole a kunna mai karanta allo, wato manhajar da ke faɗin abin da ke kan allo da murya: VoiceView a Fire TV, TalkBack a Google TV, VoiceOver a Apple TV, Voice Guide a Samsung. A Fire TV ka riƙe maɓallin komawa baya da na menu tare na daƙiƙa 2, a Roku ka danna maɓallin tauraro sau 4 da sauri.

Ina da tsohon talabijin da dikoda, za su bi umarnin baki?

Wataƙila, ya danganta. Idan talabijin ɗin yana da mashigar HDMI, wato inda ake jona wayar akwatin, sau da yawa akwai wani tsari mai suna CEC da ke barin akwatin ya kunna shi, ya kashe shi, ya sauya mashiga. Sai dai kowane kamfani da sunan da ya raɗa masa: Samsung Anynet+, LG SimpLink, Sony Bravia Sync, kuma a wasu talabijin a kashe yake zuwa, sai mai gani ya shiga saiti ya buɗe. Idan hakan bai yi ba, Cube yana iya aika irin hasken da rimot ke aikawa, amma hasken nan ba ya ratsa katako, dikodar da ke cikin kabad a rufe ba za ta ji ba. Ko ta ji ma, ba kowace dikoda ya sani ba. Wani zai samu sauya tasha da lamba, wani ya tsaya a kunnawa da kashewa kawai. Kuma jerin tashoshin dikodar ba zai yi magana ba, domin mai karanta allon akwatin ba ya ganin abin da ke cikinta. Shawarata a haddace lambobin tashoshin da ake so, a gwada kayan kafin lokacin mayar da su ya wuce.

Me ya sa nake magana ba ya amsawa?

Wataƙila ka jingina akwatin da lasifika, sautin ya hana shi jin ka. Matsar da shi. Ka duba intanet kuma, in babu ita yawancin umarnin ba sa aiki.

Ba ya naɗar hirarmu?

Kalmar kiransa yake jira, ko da yake wani lokaci yakan farka bisa kuskure. Akwai maɓallin kashe makirfo. Jan haske ne alamarsa, wanda ba ya gani ba zai sani ba, don haka duk wanda ya danna ya faɗa masa.

Na haɗa wa Baba komai, amma ya ƙi amfani da shi.

Kin haɗa, kin koya masa? Ki zauna kusa da shi, shi ya yi maganar, ke ki yi shiru ko ya yi kuskure. Ki kunna masa bayanin murya a fina-finan da ke da shi, ya ji abin da ke faruwa a allo. Rimot kuma a bar shi inda ya ajiye, ranar da intanet ta ɗauke shi zai laluba.