Doguwar tafiyar ƙasa kai kaɗai da jaka a baya: amsoshin tambayoyin da aka ishe ni da su

Tambayoyin dai su ne kullum. Wannan ya turo, in amsa, gobe wani ya sake turo irinta kamar an haɗa baki. To ga su nan na tara wuri ɗaya. Don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Wai me ake yi duk tsawon yini?

Tafiya. Ka yi sammako, ka naɗe tanti yana jiƙe da raɓa, ka jefa wani abu a cikinka, ka saɓa jaka, ka kama hanya. Kafin rana ta faɗi ka nemi fili shimfiɗaɗɗe ka yada zango, ka dafa, ka duba ƙafarka, ka kwanta. Gobe ma haka. Hoton nan da kuke gani na mutum a ƙololuwar dutse ya ware hannuwa, minti biyar ne a cikin yini. Sauran duk lissafi ne: ina ruwa na gaba, guzurin kwana nawa ya rage, me ya sa diddigen hagu yake zugi tun hantsi.

Ba ka tsoron namun daji?

A'a. Yawancinsu da sun ji motsinka sai ƙafa me na ci ban ba ki ba. Ka ajiye abinci nesa da inda kake kwana, inda doka ta ce a sa shi cikin gwangwanin da dabbar beyar ba ta iya buɗewa ka sa, shi ke nan. Abin da ke mayar da mutane gida shi ne ƙafa da gwiwa da gudawa da ƙarewar kuɗi da gajiyar zuciya. A turbar Appalachian ta Amurka, mai tsawon kusan kilomita 3,500 daga Jojiya zuwa Maine, kusan mutum ɗaya cikin huɗu ne ke kaiwa ƙarshe, kuma ba dabba ce ta cinye sauran ukun ba.

Mace za ta iya ita kaɗai?

Emma Gatewood ta gama wannan turbar ita kaɗai a 1955 tana da shekara 67. 'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki. Kada dai ki faɗa wa baƙon da kika haɗu da shi a hanya inda za ki kwana, kuma wannan shawarar har maza.

Kilo nawa ya kamata jakata ta yi?

Kada ta wuce kashi 20 cikin ɗari na nauyin jikinka, har da ruwa da abinci. Mai kilo 70, jakarsa kilo 14. Na san abin da za ka ce, wai kowane abu da ka sa yana da amfani. Malam, riga biyar me za ka yi da su? Ɗaya a jiki, ɗaya busasshiya ta barci wadda ba ka taɓa ta da rana ko sama da ƙasa za su haɗe. Safa ƙafa uku. Kuma a bar kayan auduga a gida, domin in ta jiƙe ba ta bushewa da wuri, tana zuƙe ɗumin jiki. Duk mita 1,000 da ka hau, zafin iska na raguwa da kusan digiri 6, saboda haka rigar da ta jiƙe da gumi a gindin dutse ita ce za ta sa ka karkarwa a samansa. Ɗumin jiki in ya sauka ƙasa da digiri 35 an shiga haɗari, kuma ba sai da ƙanƙara hakan ke faruwa ba, ruwan sama da iska sun isa.

Kilomita nawa zan yi a rana?

Akwai lissafin da William Naismith, wani mai hawan duwatsu ɗan Sikotilan, ya fitar a 1892: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, ka ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Bai sa hutu a ciki ba, kuma da jaka mai nauyi ba za ka cim masa ba. Makon farko ka tsaya a kilomita 12 zuwa 15. Masu rawar kai da ke buɗe tafiya da 30 su ne ake tararwa a gari na farko sun miƙe ƙafa, gwiwa ta kumbura. Tafiya sannu sannu kwana nesa.

Ruwa nawa zan ɗauka, kuma wanne zan iya sha?

Yawwa, wannan ita ce tambayar da ya kamata a fara da ita, amma sai a ƙarshe ake tunawa. Kuma ba ta da amsa ɗaya.

Lita ɗaya kilo ɗaya ce. In ka cika jaka da ruwa don tsoro, nauyin zai rage maka sauri, ka daɗe a rana, ka ƙara shan ruwan. In ka rage da yawa kuma, ka san sauran. Abin da akan fara da shi shi ne rabin lita ga kowace awa ta tafiya in yanayi na da sauƙi, ya kai lita guda in ana zafi ko hawa ake. Amma jiki ya bambanta, wani gumi kamar an kwara masa, wani ko ɗigo. Ka lura da fitsarinka, in ya yi duhu ya ragu, ruwan da kake sha bai isa ba.

Saboda haka kada ka ƙirga da kilomita, ka ƙirga da awoyin da ke tsakaninka da ruwa na gaba, sannan ka tambayi kanka: in na isa na tarar ya ƙafe fa? Shuɗin layi a taswira ba alkawari ba ne, ƙorama da yawa na lokaci ne. A ɓangaren hamadar kudancin Kalifoniya na turbar Pacific Crest, wadda ta tashi daga iyakar Meziko zuwa ta Kanada, kilomita 4,265, akwai wuraren da za ka yi sama da kilomita 30 ba ka ga tabbataccen ruwa ba. A irin nan sai ka tambayi wanda ya fito daga inda za ka, ka kuma tambaye shi yaushe ya gani da idonsa. Ka sha ka ƙoshi a bakin ruwa kafin ka tashi, da ruwan ciki ake jan na rijiya. In za ka kwana inda babu ruwa, ƙara aƙalla lita ɗaya da rabi ko biyu don girki da safiya.

Batun tsabtacewa kuma, ruwa garai-garai ba shi ne lafiyayye ba. Tafasawa ta fi komai tabbas: minti ɗaya yana tafarfasa, minti uku in ka haura mita 2,000. Matsalarta cin gas da ɓata lokaci. Ƙaramin matacin da ake matsawa da hannu, mai 'yan ƙofofin da ido ba ya gani, masu faɗin maikuron 0.1 ko 0.2, yana tare bakteriya da su Giardia da Cryptosporidium, ƙwayoyin cuta masu kawo gudawa, amma bairos na wucewa. A tsaunin da babu mutane wannan ba ya cika zama damuwa, amma ƙasa da ƙauye ko wurin da jama'a ke yawan sauka, ni dai ina tacewa in kuma jefa ƙwayar tsabtace ruwa. Ƙwayar kulorin dayokzayid na gamawa da yawancinsu cikin minti 30, sai dai Cryptosporidium na buƙatar awa 4, aidin kuwa ba a dogara da shi wajen kashe Cryptosporidium. In ruwan ya yi gurɓi, bar shi ya kwanta ko ka fara tace shi da ƙyalle, in ba haka ba matacin zai toshe. Daren sanyi kuma ka kwana da matacin cikin bargonka, domin in ruwan cikinsa ya daskare yana iya tsagewa ta ciki, kai kuma ba za ka gani ba.

Abu na ƙarshe: ruwa zalla da yawa ba gishiri, ga gumi, shi ma yana kayar da mutum, gishirin jini ya yi ƙasa, kai ya yi ciwo, zuciya ta riƙa tashi. Ka riƙa cin abu mai gishiri a hanya. Mai ciwon ƙoda ko zuciya ko hawan jini, likitansa zai tambaya, ba ni ba.

Wanka fa?

In ka shiga gari. Za ka yi wari, kowa ma yana yi. Hannu dai a wanke kafin a ci.

To bayan gida?

Haƙa rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20, aƙalla mita 60 daga ruwa da hanya da wurin kwana, ka rufe. Takardar da ka yi amfani da ita ka ƙulle a leda ka fita da ita. Abin kunya ne a zo gindin itace a tarar da aikin babban mutum a fili.

Wane takalmi ya fi?

Wanda ka riga ka yi tafiya da shi, mai ɗan fili a gaba, domin ƙafa na kumbura. Da ka ji wani wuri ya fara ɗumi a diddige ko ɗan yatsa, tsaya nan take, cire safa, manna filasta. Kada ka ce sai ka kai inuwa ta gaba, kafin nan ya zama bororo. Duk hutu ka cire takalmi ƙafa ta sha iska.

Kaɗaici ba ya damunka?

Yana damu, musamman da magariba bayan an gama girki, babu wanda za ka ce wa ka ga abin da na gani yau. Yana wucewa. Kada ka yanke shawarar komawa gida da dare, ko cikin ruwan sama, ko da yunwa. Ci, yi barci, ka sake tunani da safe. In kuma kana son tafiyar kaɗaici mai mutane a kusa, hanyar Camino Francés daga kudancin Faransa zuwa Santiago a Sifaniya, kusan kilomita 800, tana da masauki kusan kowane ƙauye.

Wayata ta isa in nemi taimako?

Inda babu sabis, a'a. Akwai ƙaramar na'urar neman agaji da ke aika sigina ta tauraron ɗan'adam, ka saya ko ka yi haya, ka rataye ta a jikinka, ba a ƙasan jaka ba. Taswirar takarda da kamfas da usur su ma su zo. Kuma kafin kowane zango ka bar wa wani hanyar da za ka bi da ranar da in bai ji ka ba zai kira masu ceto.

Zan iya farawa da ta wata biyar kai tsaye?

Bawan Allah, ka taɓa kafa tantin nan cikin duhu? Je ka yi kwana biyu tukuna, da jakar da takalmin da matacin da kake shirin tafiya da su, sannan ka dawo mu yi magana.