Wata ba ya gudu a cikin gajimare

Tun muna yara muke jin cewa a daren damina wata gudu yake yi, yana keta gajimare. Mai faɗin haka bai yi laifi ba, abin da ya gani ke nan.

Gajimaren ne iska ke korawa. Ƙwaƙwalwa tana gane motsi ne ta hanyar gwada abu da abin da ke kewaye da shi. Ta saba ɗaukar babba a matsayin tsayayye, sai ta ɗora tafiyar a kan ƙarami, wato wata.

Ku gwada da kanku: ku tsaya cik, ku daidaita wata da bakin rufin ɗaki ko reshen bishiya. Nan take gudun zai ɓace. Kafin ya gusa da faɗin jikinsa ma, sai an yi kusan minti 2.

Don Allah a tura wa 'yan uwa wannan bayani.