Ƙwato Cajin Banki ta Kotu a Birtaniya

Ƙwato cajin banki ta kotu wani yunƙuri ne da masu asusun ajiya suka yi a Birtaniya tsakanin 2006 da 2009, inda ɗimbin mutane suka maka bankunansu a kotu suna neman a dawo musu da kuɗin da aka riƙa yanka musu. Cajin da ake rikici a kai shi ne wanda banki ke ɗora wa mutum idan ya ciri kuɗi fiye da abin da ke asusunsa ba tare da izini ba, ko idan aka dawo da cek ɗinsa saboda kuɗin asusun ba su kai ba. A lokacin akwai bankunan da ke yankar fam 30 zuwa 39 a kowane karo, ko da gibin bai wuce fam biyu ba.

Asalin rikicin

A Birtaniya al'ada ce banki ba ya karɓar kuɗin kula da asusun yau da kullum muddin akwai kuɗi a ciki. To amma ba a kyauta bankunan ke aiki ba. Binciken hukumar kula da adalci a kasuwanci, wato OFT, ya nuna cewa a 2006 kaɗai sun samu kimanin fam biliyan 2.6 daga irin wannan caji, kusan kashi 30 cikin 100 na abin da asusun yau da kullum ke kawo musu. Ke nan mutum miliyan 12 da albashinsu ba ya kai su ƙarshen wata su ke ɗauke da nauyin miliyan 42 da ba a cika yanka musu komai ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A watan Afrilun 2006 OFT ta ce duk tarar da ta haura fam 12 a kan katin bashi za ta ɗauke ta a matsayin zalunci sai in an nuna mata akasin haka. Maganar ta shafi katin bashi ne kawai, amma jama'a suka ce ai abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Yadda ake shigar da ƙara

Hanyar ba ta buƙatar lauya, kuma wannan ne ya sa ta yaɗu. A wancan lokaci mutum zai biya fam 10 ya nemi banki ya ba shi bayanan asusunsa bisa dokar kare bayanai ta 1998, ya tattara cajin shekara shida (biyar a Sikotilan, inda wa'adin shigar da ƙara ya fi gajarta), sannan ya rubuta wasiƙar neman biya. Idan banki ya yi kunnen ƙashi, sai ya aika wasiƙar gargaɗi, daga nan sai kotun ƙananan ƙararraki, wadda a Ingila take sauraren da'awar da ba ta wuce fam 5,000 ba a wancan zamani. Ɗan jarida Martin Lewis ya wallafa samfurin wasiƙun a shafinsa na MoneySavingExpert, aka kuma sauke su sau miliyoyi.

Hujja biyu masu ƙara ke kafawa. Ta farko tsohuwar ƙa'idar shari'ar Ingila ce, wadda shari'ar kamfanin taya na Dunlop ta 1915 ta fayyace: idan mutum ya saɓa yarjejeniya, asarar da ya jawo za a biya, ba tarar da aka ƙaƙaba don tsoratarwa ba. Ta biyu ita ce dokar 1999 da ta hana sanya sharuɗɗan zalunci a yarjejeniyar kamfani da abokin ciniki, wadda ta samo asali daga umarnin Tarayyar Turai na 1993. Da farko bankuna sun gwammace su biya shiru-shiru, wani lokaci ana gobe zaman kotu, maimakon su tsaya gaban alƙali su bayyana ainihin abin da dawo da cek ɗaya ke ci musu. Ta haka suka mayar da ɗaruruwan miliyoyin fam.

Shari'ar gwaji

Da ƙararraki suka cika kotuna, alƙalai kuma suka fara saɓa wa juna, sai a Yulin 2007 OFT ta amince da bankuna bakwai (Abbey National, Barclays, Clydesdale, HBOS, HSBC, Lloyds TSB da RBS) tare da cibiyar lamunin gidaje ta Nationwide a kai magana ɗaya gaban Babbar Kotu. Hukumar kula da harkokin kuɗi ta FSA ta ba bankuna damar jingine ƙorafe-ƙorafe har a gama, abin da ya tsayar da da'awa kusan miliyan ɗaya.

A Afrilun 2008 Mai Shari'a Andrew Smith ya yanke cewa cajin ba tara ba ne, domin a sharuɗɗan da bankunan ke aiki da su zarce asusu ba saɓa yarjejeniya ba ne. Sai dai ya ce OFT na da hurumin auna adalcin cajin a ƙarƙashin dokar 1999. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da wannan hurumi a Fabrairun 2009.

Ranar 25 ga Nuwamban 2009 Kotun Ƙoli, wadda ba ta cika wata biyu da fara aiki ba, ta juya komai. Alƙalai biyar ƙarƙashin Lord Phillips suka haɗu a kan cewa cajin wani ɓangare ne na farashin da mai asusu ke biya don dukkan hidimar banki, kuma sashe na 6(2) na dokar 1999 ya hana a tuhumi farashi kan cewa ya fi ƙarfin hidimar da aka yi, muddin an rubuta shi da harshe bayyananne. A nan ne mutane da yawa ke kuskure. Kotun ba ta ce cajin adalci ne ba. Cewa ta yi dokar ba ta ba OFT damar yin wannan tambayar ta wannan fuska ba. Lauyan da ya jagoranci bankunan, Jonathan Sumption, shi ma ya zama alƙalin kotun a 2012.

Bayan hukunci

A Disamban 2009 OFT ta janye bincikenta, akasarin ƙararrakin da aka jingine kuma suka mutu. Ƙofar da ta rage ita ce ta masu fama da matsin kuɗi, waɗanda ke iya kai kuka ofishin sasanta rikicin abokan ciniki da cibiyoyin kuɗi ba tare da biyan ko sisi ba. Irin wannan gwagwarmaya a Ostireliya ma haka ta ƙare, inda babbar kotun ƙasar ta ba bankin ANZ gaskiya a 2016.

Canjin da aka nema a kotu daga baya ya zo ta hannun hukuma. A 2019 FCA, magajiyar FSA, ta haramta ƙayyadadden caji na rana ko na wata a kan zarce asusu, ta kuma hana a tsawwala wa wanda ya zarce ba izini fiye da mai izini. Dokar ta fara aiki a Afrilun 2020, manyan bankuna da dama kuma suka tsayar da ruwan da suke ɗorawa a wajen kashi 40 cikin 100 a shekara.