Sarƙar samar da kayayyaki

Sarƙar samar da kayayyaki ita ce jerin hannayen da kaya ke bi tun daga inda aka haƙo ko aka noma ɗanyensa har ya isa ga mai saye: ma'adinai ko gona, masana'antar sassa, masana'antar haɗawa, kamfanin dako, sito, ɗan sari, kanti. Kaya na yin gaba, kuɗi na komawa baya, bayani kuma, wato oda da lissafin abin da ya rage a sito, yana kai da komo. Kula da wannan tafiya fanni ne mai zaman kansa a harkar kasuwanci, kuma Keith Oliver, wani mai bai wa kamfanoni shawara, shi ake cewa ya raɗa masa suna a 1982.

Yadda sarƙar ta yi tsawo

Kwantena ce ta fara buɗe hanya. A ranar 26 ga Afrilun 1956 Malcom McLean, wani ɗan kasuwar dakon kaya, ya loda kwantena 58 a jirgin Ideal X daga Newark zuwa Houston a Amurka. Kafin nan leburori ne ke loda kaya buhu-buhu, akwati-akwati, jirgi ya share kwanaki a tasha. Da kuɗin dako ya faɗi, sai ya zama riba a ƙera sashe a wata ƙasa, a haɗa a wata, a sayar a ta uku. A yau fiye da kashi 80 cikin ɗari na nauyin kayan da ƙasashe ke cinikinsu ta ruwa yake bi.

Abu na biyu ya fito daga kamfanin Toyota na Japan, inda Taiichi Ohno ya kafa tsarin kawo sassa daidai lokacin da za a yi aiki da su. Hujjarsa mai ƙarfi ce: kayan da ke jibge a sito jari ne a kwance, yana cin haya da inshora, yana kuma ɓoye aibin aiki. Kamfanonin duniya sun ɗauki tsarin, amma da yawa rabinsa suka ɗauka. Sun rage ajiya, alhali masu kawo musu kaya suna bayan teku, ba a maƙwabtaka ba kamar yawancin na Toyota.

Tasirin bulala

Idan aka ɗan motsa hannu, bakin bulala kan yi tsalle mai nisa. Haka oda take. Masu saye su ƙara buƙata kaɗan, mai kanti ya tsorata ya ƙara oda, ɗan sari ya ɗora nasa, kafin labari ya isa masana'anta ya ninka. Bayan watanni kaya su iso lokaci guda, kasuwa ta riga ta lafa, sito ya cika maƙil. Jay Forrester, wani malamin jami'a a Amurka, ya bayyana wannan tun 1961, daga baya kamfanin Procter & Gamble ya gani a cinikin kunzugun jarirai, kayan da buƙatarsu ba ta cika hawa da sauka ba.

Rikice-rikicen baya-bayan nan

Annobar korona ce ta shigar da batun cikin labarai na yau da kullum. A farkon 2020 kamfanonin mota sun soke odar ƙananan ƙwayoyin lantarki da ke sarrafa na'urori, masu ƙera kwamfuta da waya suka maye gurbinsu a layi. Da kasuwar mota ta farfaɗo, babu wuri. Aka riƙa ganin sababbin motoci jere a fili, an gama komai, ana jiran ƙwayar da ba ta kai farce girma ba. Kuɗin dakon kwantena mai ƙafa 40 ya haura dala 10,000 a watan Satumban 2021, daga ƙasa da dala 2,000 kafin annobar, kuma a Janairun 2022 jirage sama da 100 ne ke jiran shiga tasoshin Los Angeles da Long Beach a Amurka.

Sai matsatsun hanyoyin ruwa. A ranar 23 ga Maris 2021 jirgin Ever Given, mai tsawon mita 400, ya gitta a mashigin Suez ya toshe shi kwana 6, jirage fiye da 400 suka yi cirko-cirko. A 2023 fari ya rage ruwan tafkin Gatun da ke ba mashigin Panama ruwa, hukumar mashigin ta rage yawan jiragen da ke wucewa kullum. Daga Nuwamban shekarar kuma hare-haren 'yan Houthi na Yemen a Bahar Maliya suka sa kamfanonin jiragen ruwa irin su Maersk da Hapag-Lloyd suka koma zagaye ta kudancin Afirka, abin da ke ƙara wa tafiyar Asiya zuwa Turai kwana goma ko fiye. Harajin shigo da kaya da Amurka ta ƙaƙaba a 2025 ya ƙara dagula lissafi.

Abin da ya fi damun masu sana'ar shi ne rashin gani. Kamfani ya san wanda ke kawo masa kaya, amma sau da yawa bai san wanda ke kawo wa wancan ba. Wannan duhu ba riba kaɗai yake ci ba, har da rayuka: rushewar ginin Rana Plaza a Bangladesh a 2013 ta kashe mutum fiye da 1,100, akasarinsu masu ɗinka tufafin manyan kantunan Turai da Amurka. Shi ya sa Jamus ta fara aiki da dokar da ke tilasta wa manyan kamfanoni bin diddigin masu kawo musu kaya a 2023.

Matakan da ake ɗauka

Ana raba oda tsakanin masu kawo kaya biyu ko uku, ana mayar da wasu masana'antu daga Sin zuwa Vietnam da Indiya da Meziko, gwamnatoci kuma na zuba tallafi, kamar dala biliyan 52 da Amurka ta ware a 2022 don ƙera ƙwayoyin lantarki a gida. Kowane mataki da tsadarsa, kuma mai saye ne ke biya a ƙarshe. Ajiya ma tana da iyaka. Bayan girgizar ƙasar Japan ta 2011, Toyota ta sa masu kawo mata sassa su riƙa tanadin ƙwayoyin lantarki na watanni, wanda ya riƙe ta a farkon 2021 lokacin da takwarorinta ke rufe layukan aiki. Duk da haka a Satumban shekarar sai da ta rage yawan motocin da ta tsara ƙerawa da kusan kashi 40 cikin ɗari, bayan annobar ta tsayar da masana'antun sassa a Malesiya da Vietnam.