Mene Ne Kundin Abincin Yaro?

Idan likita ya tura yaro wajen masanin abinci mai gina jiki, akan ce wa iyaye su zo da kundin abinci. Abin da ake nufi shi ne rubutaccen bayanin duk abin da yaron ya ci ko ya sha a wasu kwanaki kafin ranar ganawa. Galibi kwana 3 ake nema: biyu na makaranta ko aiki, ɗaya na hutun ƙarshen mako, domin cin ranar hutu yakan bambanta. Wasu masanan kan nemi mako guda cur.

Jadawalin girki yana nuna abin da aka yi niyyar ɗorawa a wuta, shi kuwa kundi abin da yaro ya haɗiye yake nunawa. Saboda haka ana rubuta lokaci, da irin abincin, da yadda aka dafa shi, da yawan abin da aka zuba, da abin da ya rage a kwano. "Ya ci shinkafa" ba ta gaya wa masani komai ba. Amma a ce "ƙarfe 1 na rana an zuba masa shinkafa da wake cokali 8, ya ci 3, ya ture kwano ya nemi madara", to, an ba shi abin aiki. Alawar da kaka ta miƙa masa, da biskit, da lemon kwalba, da nonon cikin dare, da maganin ƙarin jini, duk su shiga. A rubuta nan take, don in aka bari dare ya yi, an manta rabi.

Daga nan masani yake duba nau'o'in abincin. Ga yara 'yan wata 6 zuwa 23, Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun kasa abinci rukuni 8: nonon uwa, hatsi da saiwoyi, dangin wake da gyaɗa, madara, nama da kifi, ƙwai, kayan lambu da 'ya'yan itatuwa masu bitamin A, sai sauran kayan lambu da 'ya'yan itatuwa. Ana son yaro ya samu aƙalla 5 a yini. Kundin kan kuma fito da abin da ido bai lura da shi ba: yaron da ake cewa ba ya cin abinci, ashe madara ce ke cika masa ciki tun safe, ko kuma shayi yake sha tare da abinci, alhali shayi na rage yadda jiki ke zuƙar sinadarin ƙarfe da ake buƙata wajen yin jini.

Inda nake son iyaye su tsaya su yi tunani shi ne kwanakin nan na rubutu. Kunya takan sa a gyara girki, a kawo ƙwai da kifi kullum, a ɓoye kayan zaƙi. Niyyar mai kyau ce, amma masani zai ga abincin da ba shi yaron ya saba ci ba, ya ba da shawarar da ba ta dace da shi ba. A ci gaba da girki yadda aka saba, sabon tsari kuwa a bari sai an dawo. Haka nan kada a janye wa yaro alkama ko madara bisa zato kawai. Akwai cutar hanji da gwajinta ba ya fita daidai sai yaro na cin alkama. Sai dai in wani abinci ya sa leɓensa ya kumbura ko numfashi ya yi masa wuya, wannan a tsayar da shi a garzaya asibiti, ba a jiran ranar ganawa.

A gefen shafi a riƙa sa amai, gudawa, taurin bayan gida ko ƙuraje, da lokacin da suka zo. In yaro na yini a makaranta ko wajen mai raino, a roƙe su su riƙa faɗin abin da ya ci, ko su ɗauki hoton kwano da waya kafin ci da bayansa. Ranar tafiya a haɗa da katin awon nauyi da tsayinsa.