Adon bangon kankare irin na Burutalizim

Adon bangon kankare irin na Burutalizim, wato wani salon gine-gine, shi ne a bar fuskar kankare tsirara, ba filasta ba fenti, sai a samo kwalliyar daga jikin kankaren kansa, ko dai sawun katakon da aka yi zubi a ciki, ko layuka masu tudu da kwari, ko tsakuwar da aka fito da ita fili da guduma. A da bangon ginin ne kansa ake yi wa haka, yanzu kuwa galibi falle-falle ake zubawa a masana'anta a zo a maƙala a jikin bango.

Tarihi

Yawancin masana suna farawa ne da mai zanen gine-gine Le Corbusier da benen da ya gina a Marsai ta ƙasar Faransa, Unité d'Habitation, tsakanin 1947 da 1952, mai gidaje 337. Bayan yaƙin duniya na biyu ƙarfe ya yi wuya, sai aka koma kankare, da aka cire katakon zubi sai ga layin kowane allo da gaɓoɓin icen sun fito ɓaro-ɓaro, shi kuma bai sa an shafe ba. Asalin sunan salon akwai saɓani, wasu na kai shi Suwidin wajen 1950, wasu Faransa. A Ingila dai masu zanen gine-gine Alison da Peter Smithson ne suka yayata shi daga 1953.

Inda abin ya zama ado na gangan shi ne wajen mai zanen gine-gine Paul Rudolph, a ginin sashen zane da gine-gine na jami'ar Yale a Amurka da aka buɗe 1963. An zuba kankaren cikin katako mai tsage-tsage, ya fito da ƙananan tudu a tsaye daga sama har ƙasa, sannan leburori suka bi su ɗaya bayan ɗaya suna farfasa bakinsu da guduma har tsakuwar ciki ta bayyana, to in rana ta bugi bangon ta gefe inuwa ce ke zana shi, kuma tana sauyawa daga safe zuwa yamma. Kyau kam akwai, amma kaushin har karce mutum yake in ya goga. Aikin hannun ya ci kuɗi, shi ya sa a wasu gine-ginensa na baya Rudolph ya koma bulo mai irin wannan tsagin. Ginin na Yale ya yi gobara a 1969, an gyara shi a 2008.

Landan ma ta yi nata. A unguwar Barbican, da aka gina daga tsakiyar shekarun 1960 zuwa na 1970, sai da kankaren ya yi makonni ya yi ƙarfi sannan ma'aikata suka sassaƙe fuskarsa da injin hannu, aikin da ya jawo wa wasunsu ciwon yatsu saboda girgiza. Mai zanen gine-gine Denys Lasdun kuma a gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke bakin kogin Tems, 1976, sawun katako ya zaɓa, an zo da allunan da zarto ya bari da kaushi don kowane zaren ice ya fito a jikin kankaren. Wannan aikin kafinta ne fiye da na birkila, gaskiya.

Yadda ake yinsa yanzu

Ba kowa ke iya biyan masu guduma ba. Ana shimfiɗa roba mai ɗauke da zanen a cikin akwatin zubi, a shafa mai don kar ya kama, a zuba, a girgiza iska ta fita, in ya bushe a ɓare, robar kuma a sake amfani da ita sau da yawa. Don rage nauyi ana haɗa siminti da yashi da zaren gilashi a madadin rodi, fasahar da ta bunƙasa a Ingila wajen ƙarshen shekarun 1960, falle ɗaya kaurinsa bai cika wuce santimita ɗaya zuwa biyu ba. Ana rataye shi a kan firam na ƙarfe da ɗan fili a baya don iska da ruwa su wuce. Wurin da mai zane ya fi shan wahala shi ne mahaɗar falle da falle, in layukan ba su haɗu ba nan take ido zai gane ba zubi ɗaya ba ne.

Matsaloli

Ruwan sama. Bango mai santsi yana yin baƙin zirin datti, wanda ke da tsagi a tsaye shi ya fi ɓoye shi tunda ruwan kwarin yake bi. In rodi ya yi kusa da fuska sai ya yi tsatsa ya kumbura ya ɓantare kankaren, kuma faci a irin wannan bango ba ya ɓoyuwa.

Karɓuwa

Daga ƙarshen shekarun 1970 jama'a sun juya wa salon baya, an rushe gine-gine da dama. An sa Barbican cikin gine-ginen da doka ta kare a 2001, ginin Marsai kuma ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya na hukumar UNESCO a 2016. Yau ana ganin fallayen a otal-otal, shaguna da falon gidaje, wasu na cewa kwaikwayo ne kawai tunda ba su ɗauke da nauyin komai.