Abin da dokar NAFDAC ta ce kan man bilicin da haɗin gyaran jiki

Idan biki ya matso, je ka tsaya a layin masu kayan kwalliya ka ga yadda ake yi. Mai shago zai jawo farar roba, ya juye mai a ciki, ya matse tub biyu ko uku, ya ɗiga wani ruwa daga ƙaramar kwalba, ya juya da cokali. Sai ya miƙa yana cewa, "Hajiya, sati guda kawai, sai an kasa gane ki." Robar nan ba suna, ba lamba, ba ranar lalacewa. A idon doka, daga mai haɗin har mai tallar sun yi laifi.

Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ba abinci da magani kaɗai take lura da su ba, har da kayan kwalliya. Sharaɗi na farko shi ne rajista: ba a sarrafa mai ko sabulu ko hoda don sayarwa, ba a shigo da su, ba a tallata su, sai hukumar ta yi musu rajista ta ba su lamba. Dole kuma a rubuta abin da ke ciki da sunan kamfani da adireshinsa a jikin mazubin. Sannan akwai ƙa'ida ta musamman kan sinadaran bilicin, wadda aka sabunta a 2019. Abubuwa uku ta fi sa wa ido. Wanda ya karya ta, ana ƙwace kayansa, yana kuma iya fuskantar tara ko ɗauri.

Na farko zaiba. Ita babu sassauci, haramun ce a man shafawa. Tana hana fata samar da sinadarin da ke ba ta duhu, shi ya sa take haskawa da wuri, amma ba a fata take tsayawa ba. Tana shiga jini, ta taɓa ƙoda da jijiyoyi, ta kai ga ɗan da ke ciki, ta bi ta ruwan nono. Har wanda bai shafa ba yana iya samun rabonsa, domin tana maƙalewa a tawul da zanin gado. Wannan ba dokar Najeriya kaɗai ba ce. Yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda aka raɗa wa sunan garin Japan da gubar zaiba ta yi wa ɓarna, da farko ta yarda da ɗan ƙanƙanin adadi, kashi 1 cikin miliyan. A taron Geneva na 2023 aka cire wannan rangwamen, aka tsayar da 2025 a matsayin ƙarshen sa zaiba a kayan kwalliya. A jikin kwali za a iya ganin ta da sunan mercury, ko calomel, ko mercurous chloride. Matsalar ita ce masu zuba ta da yawa ba sa rubutawa.

Na biyu shi ne wanda ya fi rikita mutane: sitiroyid, irin su kulobetasol da betametason. Su ne tub ɗin nan da ake matsewa a cikin haɗi. Duba jikinsu, sau da yawa za ka ga lambar NAFDAC raɗau, mai shago ma zai nuna maka ita. Amma rajistar magani ce aka yi musu, na cutar fata, wanda likita ke rubutawa a shafa a wurin ciwo na ɗan lokaci. Lambar ba ta mayar da su man kwalliya ba. A shafe jiki da su wata da watanni, fata ta yi siriri har jijiyoyi su fito kore-kore, nankarwa ta tsattsage cinya da damtse, ƙuraje da makero su samu wurin zama. Idan aka ji ciwo ko aka yi tiyata, ɗinki ya ƙi kamawa. Abin da ya shiga jini kuma yana iya tayar da hawan jini da ciwon suga. Wadda ta daɗe a kansu kada ta yanke dare ɗaya, fuska kan yi ja ta yi zafi ta feso da ƙuraje. Likitan fata ne zai tsara yadda za a janye.

Na uku haidirokwinon, wani sinadarin hasken fata, wanda Najeriya ta ƙayyade kada ya wuce kashi 2 cikin 100. Tarayyar Turai ta fitar da shi daga man hasken fata tun 2001, Ghana ta hana a 2016. Shi ne kan bar baƙin tabon nan a kumatu da ƙeya wanda ke da wuyar fita, a nemi fari a ƙare da abin da ya fi na da duhu. To wa ya auna kashi 2 a robar da aka juya da cokali?

A 2023 shugabar hukumar, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa, tana kafa hujja da alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya da ke cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya na amfani da man hasken fata. Ni dai a ganina alƙaluman sun manta da maza, alhali gwiwar yatsunsu na tona musu asiri.

Masu haɗi sun gane mutane sun fara tsoro, sai suka koma cewa nasu "na gargajiya ne zalla". Doka ba ta san wannan kalmar a matsayin lasisi ba. Abin sayarwa ne, to a yi masa rajista. Man kaɗe da sabulun salo da dilka da kurkur suna sa fata laushi da santsi, suna cire datti, amma ba sa mayar da baƙa fara. Duk haɗin da ya yi haka cikin mako guda, akwai abin da aka ɓoye a ciki.

Na gargajiyar ma a tantance. Jan lallen da kakanninmu suka sani ganye ne. Baƙin da ke kamawa cikin minti kaɗan yawanci rinin gashi ne mai sinadarin PPD, wanda kan tashi hannun amarya da bororo ana saura kwana biyu ɗaurin aure. Kwallin dutse kuma, mai ƙyallin nan da ake niƙawa, sau da yawa dalma ce a cikinsa, gubar da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ta hanyar haƙar zinare. Shi ne kuma muke rangaɗa wa jariri tun kafin ranar suna.